Gezar Sarki a Mashigar Sarƙaƙiya

Shekarar da fari ya ci Dajin Kanya, ruwa ya rage a tafki ɗaya tak, shi ma sai an ratsa wata matsattsiyar mashiga mai sarƙaƙiya. Ga doka kuma: babu mai kurɓa sai Zaki ya fara.

Abin ya fi cin ran Tabawa, beguwar da ke taje gezar Sarki da ƙayar jikinta, don 'ya'yanta biyu ƙishirwa ta hana su ko kuka. Ta kuma san abin da fada ba ta son ji. A gidan sarautar nan mai doguwar geza ke gado, shi mata ke so, shi ke haihuwa. Kaka da kakanni ana haka, geza na tsawo, ƙafa na sirancewa, har aka zo kan wannan da birai huɗu ke riƙe masa gashi in zai juya. Kyau kam ba a magana. Farauta kuwa, ko ɓera sai an kamo masa.

Ranar fadanci Waziri Kura ya gyara murya. "Allah ya ja zamanin Sarki, an kafa kwamitin ƙishirwa. Da yardar Allah, in damina ta faɗi kowa zai sha."

Tabawa ta faɗi ta yi gaisuwa. "Ranka ya daɗe, a rage gezar nan kamu biyu, ka wuce ka sha, mu ma mu samu."

"Ji shashanci," in ji Kura. "A rage, ta ƙanensa ta fi tsawo, ya haye gado?"

"Taura biyu dai ba ta taunuwa, Waziri."

Sarki ya ce tasa za ta taunu. Washegari aka ɗunguma zuwa tafki da tambura. Taku uku ya yi cikin mashiga, sarƙaƙiya ta cafke shi ta ko'ina. Ya yunƙura gaba, ina. Ya ja baya, babu hali. Birai suka saki gashi suka ɗare bishiya.

"Tabawa, zo ki warware ni," in ji Sarki, murya ƙasa-ƙasa.

Tausayi ya kama ta, gaskiya, shekara tara tana taje gezar nan ai ba kwana tara ba ce. Amma ta dubi 'ya'yanta, ta dubi sararin da ke tsakanin siraran ƙafafun nan. Ta tura yara ta ƙarƙashin cikinsa ta bi su. Zomo ya bi, bushiya ta bi, har da gafiya.

Suna cikin sha ta jiyo Waziri, da 'yan'uwansa kuraye sun taru a bayan Sarki, yana lallashi: "Kwantar da hankalinka, ranka ya daɗe. Ga mu nan a bayanka."

Su kuwa kuraye, ba geza suka gada ba. Haƙori suka gada.