Yadda na suma a zauren surukina ina bayanin hanta

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na je gaida mahaifin Zalika a Madekali, ko da yake na gwada mantawar ba sau ɗaya ba.

A lokacin ban daɗe da dawowa Malanbil daga jami'a ba. Na karanci yadda jiki ke sarrafa abinci, kuma binciken da na kammala karatu da shi a kan wani ɗan furotin ne da ke cikin hanta. (Na ce ɗan furotin, amma ban tabbata ya dace a kira shi ƙarami ba, ya danganta da abin da aka gwada shi da shi.) Ina aiki a ɗakin gwajin jini na wata ƙaramar asibiti. Ina son Zalika, ita ma ta ce tana sona. Abin da ya rage shi ne yardar babanta, Alhaji Mamudu, mai kai albasa Kotonu, wanda aka ce ya taɓa sallamar wani manemi tun bai gama cire takalmi ba.

Gwaggona Ladi ce ta yi mini huɗuba ana gobe zan tafi.

"Ɗana, buɗe kunnenka. Gidan surukai ba a ci, ba a sha, ba a ɗaga ido. Ko ragon layya suka aje gabanka, ka ce alhamdulillahi, ka ƙoshi."

To ni idan aka ba ni doka, sai na ƙara mata tsawo don kada in taka gefenta. Na zauna na yi tunani. Idan na karya kumallo, ga fargaba, cikina yana iya juyawa. Idan ya juya a gidan Alhaji, da wane baki zan tambayi bayi? Saboda haka na bar kokon safe. Da rana ma na kauce wa tuwo. Ruwa kuwa na ɗan kurɓa kaɗan, bisa wannan dalilin dai. Bayan azahar na zuba babbar rigar shadda da na aro, na hau kabu-kabu a tsakiyar zafin bazara, na nufi Madekali.

Alhaji ya karɓe ni a zaure. Na durƙusa na gaishe shi, idona a kan tabarma. Sai ga wata tsohuwa da kwanon ruwa, kakar Zalika ce, wadda kowa ke kira Inna. Ta kawo ruwan da kanta don ta ga wanda zai zama mijinta na wasa.

"Sha, angona."

"Alhamdulillahi, Inna, na ƙoshi."

"Da ruwa ake ƙoshi a Malanbil?"

(Daga baya na ji cewa ruwan maraba ba ya cikin dokar. Kowa ya sani. Gwaggo ba ta ga dalilin faɗa wa mai digiri ba.)

Alhaji ya gyara zama ya ce, "Zalika ta ce kai likita ne. Madalla. Ni ga ciwon sukari ya sa ni gaba."

Da na yi shiru, mai yiwuwa da zance ya ƙare a nan cikin daɗi. Amma na kasa.

"Alhaji, gaskiya ni ba likita ba ne sosai. Wato, ba likita ba ne ko kaɗan. Jini nake gwadawa."

Alhaji ya ɗaure fuska. Na ji kamar an fara nemo mini takalmana.

"To mi ka karanta duk shekarun nan?"

Tambayar da nake jira ke nan tun ranar da na gama jami'a, don ba wanda ya taɓa yi mini ita. Na manta da dokar ido, na ɗaga kai.

Na ce a cikin hanta akwai wani ma'aikaci mai suna glukokinaz. Idan mutum ya ci abinci sukari ya yawaita a jini, shi ne ke fara kama sukarin don hanta ta adana. To wannan ma'aikaci yana da mai tsaronsa, furotin ɗin da na yi bincike a kai. Idan ciki ba komai, sai ya riƙe shi ya tsare a tsakiyar ƙwayar halitta, don kada ya kwashe ɗan sukarin da ya rage a jini. Idan abinci ya shigo, sai ya sake shi.

"Kamar duwan, 'yan kwastan na bakin gada," in ji Alhaji. "Su tsare mota sai takarda ta cika."

"Kusan haka, Alhaji, ko da yake ba daidai ba."

"To nawa duwan ɗin ne ya lalace?"

"Ba zan iya cewa ba. Yana iya shiga cikin zancen, yana iya ƙin shiga. Likitanka ya kamata ka tambaya."

Inna ta ce daga bakin ƙofa, "Wannan ko sunanshi aka tambaye shi, sai ya ce bai tabbata ba."

Wannan maganar ta sosa ni. Na ƙudura sai na faɗi abu ɗaya da cikakken tabbaci a gidan nan. Na miƙe a kan gwiwoyina, na ɗaga yatsa kamar malamin aji, duk da bangon zauren ya fara ɗan karkacewa.

"Abin da na tabbata, Alhaji, shi ne hanta ta san aikinta. Mai lafiya yana iya wuni bai ci komai ba, ba abin da zai same shi. Misali ni, tun jiya..."

Iyakar abin da na tuna ke nan.

Na farka a kwance, hulata a wani gefe, shaddar aro sharkaf da ruwan da na ƙi sha. Inna tana yi mini fifita. Matan gidan sun cika ƙofar ciki, kuma a cikinsu na hango Zalika ta rufe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa. (Har yau tana rantsuwa kuka take yi.) Alhaji kuwa yana riƙe da yatsana, ya huda shi da 'yar na'urarsa ta gwajin sukari.

"Ya yi ƙasa kaɗan," ya ce.

Don a yi wa hantata adalci, ina ganin zafi da ƙishi da tsoro sun fi ta laifi. Na buɗe baki in yi wannan bayanin, Inna ta cusa mini ludayin fura.

"Haɗiye, angona. Miji ya faɗi kamar buhun albasa, wa zai ɗauke ni in na tsufa?"

Na haɗiye. Na shanye furar duka. Aka kawo shinkafa da kifi, na ce alhamdulillahi, sannan na ga hannuna a cikin kwanon. Na cinye tas a gaban mutumin da aka ce ko ido kada in ɗaga masa, yana kallona, ni kuma ina lissafin yadda zan koma Kotonu da zama har abada.

Da na wanke hannu, Alhaji ya yi dariya har ya share hawaye.

"Ka ce ma kawunnenka su zo. Wanda na miƙa ma likitanci a banza ya ƙi karɓa ba zai yi ma ɗiyata ƙarya ba. Amma don Allah su ci abinci kahin su taso, zauren nawa ba asibiti ba ne."

Labarin ya riga ni isa Malanbil. Na tarar da Gwaggo a tsakar gida ta riƙe haɓa.

"Na ce kada ka ci a can. Yaushe na ce kada ka ci a nan?"

Darasin da na ɗauka, idan har na fahimce shi daidai, shi ne kunya ma tana bukatar karin kumallo. Kuma tun daga ranar ban sake cewa na tabbata da komai ba sai ina zaune, cikina cike, da bango a bayana.