Laimar Manya

A wani daji na kan tudu, inda bishiyoyi ke da tsawo da ganye siri-siri kamar allura, tsuntsaye na da al'ada guda: duk bishiyar da naman kaza ya tsiro a gindinta, ta manya ce. Laima suke kiran naman kazan, kuma yawan laimarka, yawan girmanka.

Hankaka Tanimu ya tsufa a reshen da ko laima ɗaya babu, abin na ci masa rai. Matarsa Talatu kuwa tana dab da saka ƙwai.

Rannan bishiyar Shamuwa mai laima ta faɗi, ba iska ba hadari. Tanimu ya je jaje, ya caki saiwar da baki, ya ji ta lugub kamar dafaffen rogo, sai wari.

Majalisa ta zauna. Gauraka, shugabanta, ya gyara tukku ya ce, "Jama'a, mun bincika daga sama har tsakiya, ganye shar, ba aibu. Ƙasa kuwa ba hurumin mai fiffike ba ne. Nauyin Shamuwa ne ya kayar da ita, Allah ya kyauta. To, bishiyar da ke maƙwabtaka da ita, mai laima har ba a ganin gindi, mun bai wa Malam Tanimu."

Aka yi guɗa. Tanimu ya tuna warin nan, ya haɗiye shi tare da yawu.

A gida Talatu ta ce, "Maigida, ruwa fa ba ya tsami banza. Saiwoyin nan a haɗe suke a ƙasa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta..."

"Ke dai ba kya son a ce da ke matar manya! Da wane baki zan ce wa majalisa ina tsoron laima?"

Suka tare. Tsoro bai bar shi ba, gaskiya, amma gaisuwar da ake kwasa masa da safe tana danne shi. Ƙwai huɗu Talatu ta saka.

Ran da bishiyar ta kwanta, su biyun suka tashi sama, don suna da fiffike. Ƙwai ba su da shi.

Majalisa ta yi wa Tanimu ta'aziyya, ta kuma shawarce shi ya rage ƙiba. Da damina ta zagayo, laima ta rufe kututturen ruf, manya suka yi ta sha'awa, suna cewa albarkar wurin har ta fara bin bishiyoyinsu.