Karena Ya Ci Lamba Ɗaya

Yau da safe na je gonar gyaɗata ta bayan Dayi, na tarar da karena, Ƙyale-su, kwance a gindin ƙirya, wani ƙaton biri yana cire masa ƙuma. Sauran biran kuwa suna ta tonon gyaɗa hankali kwance. Na yi gyaran murya, ba wanda ya ɗago kai, har karen.

Ga yadda aka yi. Wata biyu ke nan da ranka ya daɗe Babban Mai Duba Cikin Dabbobi ya sauka a kasuwarmu cikin doguwar mota. Ya hau benci ya karanta mana takarda, wai yanzu mun samu 'yanci, kare mai ƙashin haƙarƙari a waje abin kunya ne ga ƙasa. Daga ranar ba sauran ƙanzo. Kare zai sha madara da safe, ƙwai da rana, nama sau uku a mako. Kyanwa kuma kifi, a cire mata ƙaya. Duk dabbar da aka tarar ramammiya, za a tafi da ita.

Shekara bakwai Ƙyale-su yana tsare mini gona, ba zan iya ganin an jefa shi a mota ba. Sai na roƙi mai ɗakina, Adama, ƙwan zabinta.

Ta ce, "Malam, rabon da ka ci ƙwai tun bikinmu."

Na ce, "Ni ai ba a rubuta ni a takardar ba."

Kare ya yi ƙiba har wuyansa ya ninke, haushi ma sai ya ga dama. Kyanwata ta ƙoshi da kifi ta sallami aiki, yanzu ɓeraye a gabanta suke wucewa da dawata. Maƙwabcina Istifanus ya leƙo ta katanga ya ce, "Maiwada, in karenka yana neman bara, ka ce masa ina nan."

Makon jiya ranka ya daɗe ya dawo da malamai huɗu, ɗaya aikinsa riƙe lema kawai. Aka ɗora Ƙyale-su a kan sikelin auduga, sikelin nan da bara ya ce audugata lamba uku ce. Kare ya ci lamba ɗaya. Aka ɗaura masa jan ƙyalle, aka tafa, aka ce in durƙusa a gefe kada in ɓata hoto.

Da zai shiga mota, Allah ya ba shi nasara, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai kuma me ya ramar da kai haka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙanzon da kare ya bari nake ci."

Ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce wannan ba aikinsa ba ne, akwai wani babba dabam mai duba cikin mutane. Yana nan tafe, motarsa ce ba a sayo ba tukuna.

In ya iso, jama'a, ku nuna masa gidana. In kuma ya yi jinkiri, ku nuna masa maƙabartar gabas da gari, inda ake kai irinmu.