Ranar da Na Zama Lauyar Maimuna

Ko tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, ba zan taɓa mantawa da ranar da jikata Maimuna ta kammala karatun likitan dabbobi ba. Ranar tata ce, amma labarina aka koma da shi gida.

Bari ku fara sanin ko ni wace ce, don ku gane daga inda na faɗo. Ubana dillalin shanu ne a Garwa, mijina marigayi mahauci ne, kuma duk unguwarmu babu wanda ya taɓa ganin gwiwata a ƙasa in ba a kan sallaya ba. Boko ban yi ba, ban kuma ga abin da na rasa ba. Maimuna kuwa ni na raine ta tun rasuwar uwarta, ni na koya mata wanke tukunya har mutum ya ga fuskarsa a ciki.

A shekararta ta ƙarshe aka turo ta wani ɗakin bincike da ke bayan gari, wanda suke ce wa laboratuwar. Kullum ta dawo fes, ko ƙamshin kashin shanu babu a jikinta. Rannan na kasa haƙuri.

"Ke Maimuna, ina shanun da kike dubawa?"

"Kaka, ai ko saniya ɗaya ba na gani."

"To likitan me kike koyo, na bango?"

Ta yi dariya ta zaunar da ni. Ta ce akwai wasu 'yan mitsi-mitsin halittu da ake ɗebowa daga jikin dabba, ido ba ya ganin su, ana kiwon su a cikin kwalabe da wani ruwa ja-ja, a ajiye su a akwati mai ɗumin jikin mutum. Su take sawa su ƙera mata rigar ƙwayar cutar nan da ke kama shanu a baki da kofato. Rigar kawai, ban da cutar. Furotin ta ce sunanta. Da ita za a riƙa gwada jinin shanu a san wadda cutar ta taɓa. Na ce wato tela kika zama, kina ɗinka wa annoba riga. (A gida ke nan na faɗi haka. A waje kuwa, daga unguwarmu har Jambutu, babu gidan sunan da ban sanar ba cewa jikata ta kusa kashe ciwon shanu a duniya.)

Ta sha wuya, ba ƙarya. Akwai lokacin da funfuna ta shiga kwalaben, halittun suka mutu kaf, ta dawo tana kuka kamar an yi mana rasuwa, ta sake daga farko. Kuma ga abin da ya fi damuna: in ta ci da kyau, laboratuwar ɗin zai ɗauke ta aiki, ta zauna tare da ni a Garwa. In ba haka ba, sai Yawunde wurin kawunta neman abin yi, ni kuma in zauna ina hira da kaji.

Ranar kare aikin, wadda suke kira sutenans, muka cika mota zuwa Ngaundare inda jami'arsu take, Malam Buba direban unguwarmu yana tuƙi. Na sa leshin da na je Makka da shi. Na kuma ɗauki maƙwabciyata Dada Asta ta yi mini tafinta, don ta taɓa sayar da atamfa a Duwala, kuma tun daga Ngong take rantse mini cewa Faransanci a bakinta kamar fura ne.

Zauren ya cika. Malaman suka shigo da dogayen baƙaƙen riguna kamar alƙalai, suka jeru a gaba. Maimuna ta tashi ta yi ta zuba bayani, ana haska hotuna a bango. Akwai wani hoto mai layuka baƙi-baƙi kamar sawun kaza a kan siminti, ta nuna ɗaya da alfahari, na gane shi ne rigar da aka sha wahala a kanta. Guɗa ta taso mini har maƙogwaro na haɗiye.

Sai wani dogo mai gilashi a cikin malaman ya karɓi magana. Ya juya takardu, ya buga tebur da yatsa, ya nuna layin nan, ya girgiza kai. Maimuna ta amsa. Ya sake jefo wata tambayar. Ta amsa. Ya sake. Sauran suka yi tasu suka gama, shi bai ƙoshi ba.

Na zunguri Dada Asta. "Me yake cewa?"

"Ya ce layin ya yi siriri, abin da ta samu bai kai ya kawo ba."

"Sai kuma me?"

Ta kasa kunne, ta kama haɓa. "Innalillahi. Ya ce ta ina ta san ba datti ne ya shiga kwalabenta ba."

"Datti?"

"Datti, Hajja. Ƙazama yake nufi."

Jama'a, a gaban ɗaruruwan idanu a kira yarinyar da na raina ƙazama! Wannan ai ba ita aka zaga ba. Ban san lokacin da na miƙe ba, sai dai na ji muryata ta cika zauren.

"Kai mai gilashi! Da kai nake! Ni 'yar dillalin shanu ce, matar mahauci, ba a taɓa samun ƙuda a kan namanmu ba. Yarinyar nan ko cokali ta wanke sai ta ɗauraye shi ta ƙara. Ka zo gidana ka duba madafi, in ka ga datti ka yanka ni! Kun taru ku manya da gemu kun sa marainiya a tsakiya. Kai wace riga ka taɓa ɗinka wa cuta? Kuma in kwalabenta sun taɓa mutuwa, ai bakin mutane ne, ba ƙazanta ba!"

"Kaka, don girman Allah ki zauna," in ji Maimuna.

Babban malaman ya faɗi wata 'yar gajeriyar magana, sai duk suka miƙe, suka tattara takardunsu, suka fice ɗaya bayan ɗaya.

Dada Asta ta ce, "Shi ke nan, kin kore su. Sun yi fushi." (Daga baya na ji cewa haka ake yi a kowane sutenans, fita suke su yi shawarar sakamako. Faransancin atamfa bai kai nan ba.)

Na duba, ga Maimuna ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta na girgiza. Shi ke nan, na rusa wa yarinya wahalarta da bakina, har na tona asirin kwalaben da suka mutu. Na hango ta a motar Yawunde tana ɗaga mini hannu. Na ce a raina, yau gwiwar nan za ta taɓa ƙasa.

Na fita na bi hanyar da suka bi. Ƙofofi ne a jere, duk a rufe. Sai na ga wata mai sheƙi, har da hoton wani ɗan mutum a tsaye a jikinta. Na ce lalle nan ne ofishin babbansu, tunda har da hotonsa. Na tattare leshina na durƙusa.

"Ranku ya daɗe, ku dubi Allah ku dubi maraicinta. Ni ce mai laifi, tsohuwa ce ni, bakina ya fi hankalina gudu. Ku hukunta ni ku bar yarinya. Mai gilashi, ɗana, ka yafe wa uwarka."

Na ji ƙarar ruwa a ciki. Na ce shayi ake zuba musu, bari in ƙara ƙaimi kafin su yanke shawarar banza. Na ɗaga murya, har da hawaye na gaske.

Ƙofa ta buɗe. Malam Buba direba ne, buta a hannu, yana gyara mazagin wando.

"Subhanallahi! Hajja, lafiya? Layi kike bi? Ai na mata yana can gefe."

A bayana na ji wani ya yi tari irin na mai danne dariya. Na waiga ina durƙushe. Malaman ne gaba ɗayansu, sun fito daga wata ƙofar, kuma ga alama sun daɗe a tsaye. Mai gilashi ya matso ya rusuna, ya yi mini magana da Hausa tatacciya. Ashe ɗan Tibati ne, duk abin da na zazzaga a zaure ya shiga kunnensa tsaf.

"Inna, tashi, na yafe. Amma kin ce ke 'yar dillali ce, to in tambaye ki. A kasuwar kara, wace saniya ake buɗe wa baki a duba haƙora, a latsa mata ciki, a ce ai ta rame?"

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Wadda za a saya."

"To, mu koma ciki."

Muka koma, ni a baya ina jan mayafi har kan hanci. Aka karanta sakamako, zauren ya ɗauki tafi, Dada Asta ta ce, "Felisitasiyon! Ta ci na ƙoli!" Wannan karon ban yarda da ita ba sai da Maimuna ta rungume ni. Kukan da na zaci tana yi ashe rabinsa dariya ce, kuma labarin kwalaben da suka mutu ita da hannunta ta rubuta shi a cikin aikin. Mai gilashin nan kuwa shi ne shugaban sashen da ya ɗauke ta aiki.

Yanzu Maimuna tana nan tare da ni, kullum ta dawo fes daga kiwon halittunta. Ni ce dai ban dawo da mutuncina duka daga Ngaundare ba, don Malam Buba bai iya riƙe magana. A unguwarmu yau duk mai shirin zagayawa sai ya ɗauki buta ya ce, "Bari in je ofishin babbansu."

Ni kuma na koyi abu biyu da tsufana. In na ga ana kushe abin da nake so, nakan yi shiru in ga ko ciniki ake. In kuma dole sai na durƙusa, to sai na ƙwanƙwasa na ji wanda ke ciki tukuna.