Gishiri Bai Ji Ba

A wani ƙauye na bakin titi an yi wani mutum ana ce masa Sallau, wanda in ka ce masa ya kama hanya sai ka tarar da shi durƙushe yana damƙar ƙasa. Ba shi da mugunta ko kaɗan, sai dai yadda magana ta shiga kunnensa haka take zama. Matarsa Tabawa ce ke riƙe da gidan da tuwon da take sayarwa a tasha. Direbobi kan jure yunwa tun daga nesa don su zo su sha miyar kukarta, ita kuwa ba ta da abin taƙama a duniya da ya wuce wannan.

Wata rana mura mai zafi ta kwantar da Tabawa. Zazzaɓi ya sauka, tari ya lafa, amma da ta shinshina kwanon daddawa sai ba ta ji komai ba. Ta lashi yaji, kamar ta lashi gari. Kunya ta rufe ta, mai tuwo babu hanci babu harshe! Ta ja Sallau ɗaki ta ce, "Maigida, hancina ya daina ji. Don Allah kada ka faɗa wa kowa." Tausayinta ya kama shi ƙwarai. Ya ɗauko kwanon, ya kafa baki daidai hancinta, ya kurma ihu, "Daddawa ce!" Maƙwabta suka leƙo ta katanga, Tabawa ta sunkuyar da kai ta ce musu wasa suke yi.

Wata rana ta koma tasha, ta ɗora tukunya. Ta raɗa masa, "Duba mini ko gishiri ya ji." Sallau ya duƙa a bakin tukunya ya yi kira, "Gishiri! Gishiri!" Ya kasa kunne, shiru. Ya je ya ce mata, "Bai ji ba." Ta ƙara. Ya sake kira, gishiri bai amsa ba, ta sake ƙarawa. A ranar, direbobi loma ɗaya suka yi suka rarumi buta. Suka tashi suka watse. Kafin a jima bencinta ya zama wurin kwanan awaki.

Wata rana ta aiki Sallau wurin malamin asibiti a ɓoye kan maganar hancin nata. Malamin ya ce, "Haƙuri za a yi. Bayan irin wannan murar yakan tafi, kuma yakan dawo da kansa." Sallau ya share zaure, ya shimfiɗa tabarma, ya sayo goro, ya tsaya a tasha yana leƙa kowace mota. Aka ce, "Wa kake jira?" Ya ce, "An hana ni faɗa. Na Tabawa ne, ya tafi, amma zai dawo." Kafin la'asar gari ya ɗauka Tabawa tana da wani ɗa da ta ɓoye. Ta shige ɗaki ta ƙi fitowa.

Wata rana tana zaune gaban murhun da ba wuta, hawaye na zuba, ta ce, "Ni kam sana'a ta ƙare, sai dai in samu aron harshe." Sallau ya zura takalmi sai tasha. Ya tsaya a tsakiyar direbobi ya ce, "Wa zai ara wa Tabawa harshe? Nata ya daina aiki. Hancin ne aka hana ni faɗa."

Da ta ji sallamar maza a ƙofar gida, Tabawa ta so ƙasa ta tsage ta shige. Alhaji Nomau, dattijon direbobin, ya ce, "Haba Tabawa! Ashe ciwo ne? Mu mun ɗauka kin gaji da mu ne, korarmu kike yi da gishiri. Ni ma murar nan ta yi mini haka bara, na daɗe ina cin tuwonki ban san me nake ci ba. Hura wuta, ga harsuna mun kawo."

Ta hura wuta tana share ido da gefen mayafi. Aka kaɗa miya, ludayi ya zaga, wannan ya ce a ƙara daddawa, wancan ya ce yaji ya isa. Alhaji Nomau ya kurɓa ya lumshe ido ya ce, "Yawwa, gishiri ya ji."

Sallau ya dube shi da mamaki ya ce, "Kai ya amsa maka?"