Ranar Da Na Koya Wa Umma Nishi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da ma na so in manta dangi ba za su bar ni ba, da ranar da na kai mahaifiyata gaban kwamitin likitoci a nan Madina ina raɗa mata yadda za ta yi nishi.

Bari in fara da kaina. A gidanmu Lauya ake ce mini. Ban taɓa leƙa ajin shari'a ba, sana'ata sayar da dabino ce a wani shago kusa da masallacin Harami. Amma akwai shekarar da aka rubuta mini tarar mota bisa kuskure, na je na yi ta zuba har suka gaji suka soke. Tun daga nan duk abin da ya shafi hukuma ni ake kira (ni kuma, Allah Ya yafe mini, na yarda da sunan, har jakar hannu na saya).

Umma haifaffiyar Madina ce. Kakanta ne ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa, ya yi hajji ya zauna. Larabci ba ya yi mata wuya ko kaɗan, amma faɗa da tsegumi sai da Hausa. Shekarun baya ta samu shanyewar ɓarin jiki na hagu. Hannun ya ɗan dawo, ƙafar kuwa sai ja. Tana zaune a unguwar Harra ta Yamma da ƙanwata Rakiya, wadda take koyarwa a makarantar 'yan mata. Hukuma tana ba Umma tallafin masu nakasa, kuma da shi ake riƙe Hajiya Zara, wata 'yar Chadi da take zuwa kullum da safe ta yi mata wanka, ta gasa mata ƙafa, ta zauna da ita har Rakiya ta taso daga aiki. In babu tallafin, babu Hajiya Zara. In babu Hajiya Zara, ko dai Rakiya ta ajiye aiki, ko a bar tsohuwa ita kaɗai a gida.

To, sai aka kira Umma a sake duba ta, kamar yadda ake yi lokaci lokaci. Rakiya ce ta kai ta, ni ina shago. Duk wanda ya san tsofaffinmu ya san abin da ya faru. Umma ta kwana da lalle, ta fito da abayar da take zuwa biki da ita, ta sha turare har direban tasi ya buɗe taga. Da suka isa ta ce a bar keken guragu a mota, wai ita ba buhun shinkafa ba ce da za a tura ta gaban mutane. Ta dafa Rakiya, ta cije, ta shiga da ƙafarta. Likita ya shigo, ta miƙe tsaye ta gaishe shi. Ya ce yaya jiki, ta ce alhamdu lillahi. Ya ce kina iya tafiya, ta ce alhamdu lillahi. Ya ce wanka fa, ta ce alhamdu lillahi, har da ƙarin “ni'imar Allah ba ta ƙirguwa.” Bawan Allah ya rubuta abin da ya ji. Ta dawo gida ta yi kwanaki ko zama ba ta iyawa, saƙo kuma ya shigo waya cewa an samu sauƙi, an dakatar da tallafi.

Na je gidan ina huci. Na ce, “Haba Umma! Me ya sa ba ki gaya musu gaskiya ba?”

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Ƙarya na yi? Ba alhamdu lillahi ba ne? So kake in kai ƙarar Ubangijina wajen bayinsa?”

Sai na buɗe jakata (babu komai a ciki sai cajar waya) na ce a bar mini maganar. Na shigar da ƙorafi, aka sa mana rana gaban kwamiti. Kafin ranar ta zo Hajiya Zara ta rage zuwa, don ita ma tana da bakin da take ciyarwa, sai ta leƙo yau, gobe ba ta zo ba.

Ni kuwa na buɗe makaranta. Duk yamma in na rufe shago sai in wuce Harra in ba Umma darasi. Darasi na farko, haramun ne ta ce alhamdu lillahi a fili, ta faɗa a zuci, Allah Yana ji. Na biyu, nishi. Na ce ta yi in ji. Ta yi wani ɗan “uhm” kamar wadda aka gaya wa farashin tumatir. Na ce a'a, daga ciki ake janyo shi. Na tashi na gwada mata: na karkace kafaɗa, na saki hannu, na ja ƙafa daga falo har bakin ƙofa ina “wash, wayyo Allah.” Ashe maƙwabcinmu Malam Idi yana tsaye a ƙofar da kwanon abinci. Washegari rabin unguwa suka yi ta bugo mini waya suna yi mini sannu da jiki.

Umma dariya kawai take yi har da hawaye. Ta ce, “Wallahi kai ya kamata a ba tallafin nan.” Rakiya kuwa ba ta dariya. Sau da yawa takan buɗe baki kamar za ta gaya mini wani abu, sai Umma ta harare ta, ta yi shiru. Na lura, amma lauya ba ya da lokacin ƙananan maganganu.

Ranar kwamiti na kafa dokoki. Babu lalle, babu turare, babu abayar biki. Na je na aro wani tsohon keken guragu mai ƙara, domin nata ya yi kyau da yawa. A mota na kama ta da ledar dabinon ajwa a ɓoye cikin mayafi, wai ba a zuwa wajen mutane hannu biyu. Na ce Umma cin hanci za su ce mun kawo. Ta ce, “Dabinon ne cin hanci? Kai da kake sayar da shi kullum, kai ne sarkin masu ba da hanci ke nan.” Na ƙwace na ajiye.

Mutum uku ne a ɗakin. Wani dattijon likita mai furfura, wani jami'i da ke buga bayani a kwamfuta, sai wata likita a gefe, da niƙabi da safar hannu, idanu kawai ake gani. Ita ba ta cewa komai, rubutu kawai take yi. Na gyara tsayuwa bayan keken Umma, na sunkuya daidai kunnenta. A nan ne dabarata take: su da Larabci za su yi tambaya, ni kuma da Hausa zan riƙa juya Umma, kamar dai ina lallashinta. Wa zai gane?

Dattijon ya ce, “Yaya jiki, ya Hajja?”

Na ga leɓenta ya fara haɗa “alham...” Na ce, “Umma, kul! Yi nishi.”

Ta yi ɗan “uhm” ɗinta na tumatir.

Na ce, “Ƙara ƙarfi mana. Saki hannun. Ba wannan ba, na hagu! Kar ki kalle shi ido cikin ido, ki yi kamar ba kya gani sosai.”

Duk wannan da murmushi nake yi, ina shafa kafaɗarta, kamar ɗa mai albarka. Da na ga mai niƙabin tana ta rubutu sai na ƙara da sharhi (a nan ne Shaiɗan ya karɓi sitiyari): “Ki yi hankali da waccan ta gefen. Irinsu ne mugaye. Jiya jiya ta gama makaranta, ko allura ban ce ta iya ba.”

Daga nan na miƙe na shiga jawabi da Larabcin da na kwana biyu ina gogewa. Na ce mahaifiyata ba ta iya kai loma bakinta. Na ce hankalinta ya soma gushewa, ko 'ya'yanta ba ta ganewa. Ina cikin faɗin haka Umma ta miƙo hannun dama ta fizgi rigata ta ce, da Larabci tsantsa don kowa ya ji, “Sani, wane ne ba ya gane 'ya'yansa? Kuma gyara maɓallinka, ka sa shi a karkace tun daga gida.”

Jami'in kwamfuta ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Na yi maza na sunkuya na ce, “Umma, kin kashe mu. Yi nishi, yi nishi yanzu!”

Sai mai niƙabin ta ajiye biro. Ta ce, da Hausa, “Hajiya, bar nishin. Ba ya cikin gwajin.”

Jama'a, na so ƙasa ta tsage. Hausar tata irin ta yaranmu ce na nan, masu ji a wajen kaka su amsa da Larabci, tana ɗan karkata, amma kowace kalma ta sauka inda aka aike ta. Ta waiwayo ta ce mini, “Kuma na iya allura. In kana so sai in gwada maka.”

Na ji gumi yana bin bayana duk da sanyin na'ura. Umma kuwa fuskarta ta washe kamar an ce ga aljanna. “Ke 'yar wace ce?” Kafin ka ce me, sun gano kakar likitar a unguwar Ƙuba take, kuma ta taɓa zama layi ɗaya da Umma a wajen wani suna. Umma ta juyo ta ce mini, “Ka gani? Da ka bar ni da dabinona.”

Likitar ta yi wa dattijon bayani a taƙaice (ban san ko ta fassara har da maganar allura ba, amma ya dube ni ta saman tabarau, kallon da har yau nake gani a mafarki). Sannan ta jawo kujera ta zauna gaban Umma, gwiwa da gwiwa. Ta ce, “Hajiya, ba zan tambaye ki yaya jiki ba. Na san amsar, kakata ma ita take ba ni. Abu ɗaya zan tambaya. Yaushe rabonki da sa goshi a ƙasa?”

Umma ta kalli hannunta. Sannan ta ce, a hankali, tun ranar da ciwon ya same ta a kujera take salla. Ta ce kwanan baya, ranar da Hajiya Zara ba ta zo ba, ta ga gida babu kowa, sai ta ce bari ta gwada sujada ko sau ɗaya, ta yi kewarta. Ta sauka. Tashi ya gagara. A kan dardumar ta kwanta tun azahar har Rakiya ta dawo bayan la'asar ta same ta, wayar tana can kan gado ba ta kai gare ta ba. Ta ce, “Na sa yarinyar ta rantse ba za ta gaya wa yayanta ba. Yana da hidima da yawa.”

Hidimar da nake da ita ita ce koya mata nishi. Na yi makonni ina ƙera ƙarya, alhali gaskiyar da ta fi ƙaryata nauyi tana cikin gidan, ban taɓa zama na tambaya ba. Kunyar farko ta sa ni gumi, wannan kuwa hawaye ta sa ni, kuma ban iya ɓoye su ba.

Likitar ta ce, “Lauya” (ashe har laƙabin nawa Umma ta riga ta gaya mata), “jira mu a waje. Za mu duba ta da kyau.”

Na fita da jakata na zauna a benci. Suka gwada ƙafar, suka gwada hannun, suka tambaye ta abu ɗaya bayan ɗaya: wa ke sa mata riga, yaya take shiga banɗaki, wa ke ɗaga ta daga gado. Rakiya, wadda ta rako mu aka kira ta ciki don ta riƙe ta, ta ce duk ta amsa, kuma kowace amsa sai da ta rufe ta da alhamdu lillahi, sai dai wannan karon an rubuta abin da ya zo kafin alhamdu lillahin. Bayan ɗan lokaci saƙo ya shigo, an mayar da tallafi. Hajiya Zara ta dawo kullum, Rakiya tana nan a aikinta.

Ni kuwa an sauke ni daga muƙami. Umma ta ba duk wanda ya zo gaishe ta labarin, tana kwaikwayon muryata. A wani ɗaurin aure a Ƙuba wata tsohuwa da ban taɓa gani ba ta aiko a kira ni, ta dube ni ta ce, “Kai ne Yi Nishi?” Sunan ya zauna. Har 'ya'yana, waɗanda ba sa amsa mini da Hausa, wannan kalmar sun iya ta.

Abin da na koya, na farko, a Madina kada ka yi gulma da Hausa gaban wanda ba ka ga fuskarsa ba, wanda ka gani ma ka yi hattara. Na biyu, na daina tambayar Umma yaya jiki. Yanzu in na je sai in zauna in ce, “Umma, me ya gagare ki yau?” Takan harare ni ta ce, “Alhamdu lillahi.” Sai in yi shiru in jira. In na jira sosai, takan faɗa.