Alhajin da Bai Wuce Sakkwato Ba

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na zama Alhaji alhali ƙafata ba ta wuce Sakkwato ba. Har gobe idan na ratsa kasuwar Goronyo wani ya ɗaga murya ya ce, "Alhaji, barka da rana," sai na fara duban fuskarsa tukuna, in gane ko girmamawa ce ko tsiya. Galibi tsiya ce.

Ni malamin firamare ne, amma kamar kowa a wajenmu ina taɓa noman rani. Ina da 'yar gonar albasa a gefen hanyar ruwan da ke fitowa daga dam, kuma ni ba na yarda wani ya yi mini ban ruwa, da kaina nake naɗe wando in shiga. To wata safiya bayan mun kwashe albasa, cikin watan Zulƙida (ku riƙe sunan watan nan, shi ya kai ni ya baro), na zagaya bayi, ina gab da gamawa sai na ga jini a ƙarshen fitsarin. Na tsaya da buta a hannu ina kallo, na rasa abin da zan yi. Na ce wa raina zoɓon jiya ne. Na daina shan zoɓo, jini bai daina ba. Tsargiya ta faɗo mini a rai, na kore ta nan take. Ai wannan ciwon yara ne masu ninƙaya a gulbi, ina ruwanta da mai furfura a gemu?

Likitan garinmu ya saurare ni, ya tura ni Sakkwato. Can aka karɓi fitsari, aka ɗibi jini, aka ce in dawo bayan kamar mako biyu a yi mini hoton ciki, a haɗa da sauran sakamakon a gaya mini gaba ɗaya. Na tambayi likitan abin da yake zato. Bawan Allah ya lissafa mini a natse: yana iya zama tsargiya, ko tsakuwa a ƙoda, ko sanyin mafitsara, wani lokaci kuma abin da ya fi haka, shi ya sa ake gwaji. Ya ce kada in sa damuwa. Cikin duk abin da ya faɗa, "abin da ya fi haka" kawai kunnena ya ɗauka. A mota kan hanyar komawa na ciro waya na shiga bincike, kafin mu iso mararrabar Wurno na riga na gano ina da ciwon daji, na raba gadona, na zaɓi wanda zai yi mini wanka.

Matata Kulu ban gaya mata ba. Ciwon da ke ƙasan cibiya nauyi gare shi a bakin Bahaushe, kuma na yi ta ruɗin kaina cewa tausayinta nake ji. Abin da ta sani kawai shi ne na je Sakkwato gwaji. Da ta ce, "Gwajin mi, Malam?" sai na dubi rufin ɗaki na ce, "In lokaci ya yi kya ji." (Na ɗauka maganar dattako na yi.)

Jira ba ƙaramin aiki ba ne. Abinci ya daina wuce mini, a aji in rubuta lissafi a allo in tsaya ina kallonsa har yara su fara tari. Kowace zagayawa bayi sai na tsaya duba ko jinin na nan. Daga nan na yanke shawarar cewa mai hankali shiri yake yi. Ranar kasuwar Wurno na hau babur na tafi can, don kada a gan ni a garinmu, na ce wa mai yadi ya yanko mini fari ƙal, wanda zai ishi babban mutum.

Ya ajiye almakashi ya ce, "Inna lillahi. Wa yar rasu?"

Na ce, "Ba kowa tukuna."

Ya daɗe yana kallona kafin ya yanka. Na kawo yadin gida na cusa a ƙasan akwatina, ƙarƙashin rigunan sanyi, inda na tabbata ba mai taɓawa.

Sai neman gafara. Na fara da Gwaggo Inno, ƙanwar mahaifina da ke aure a Gandi. Na durƙusa gabanta na ce ta yafe mini duk abin da na taɓa yi mata, don rai ba shi da tabbas. Ina jiran ta fashe da kuka, sai tsohuwar nan ta rangaɗa guɗa.

"Ayyururui! Labari ya riga ka isowa, ɗana. Ashe da rabon in ga wagga rana! Na yahe maka duniya da lahira. In ka isa, ka isar min da sallama ga Ma'aiki."

Na fito ina haɗa hanya. Abu biyu suka ɗaure mini kai: wa ya gaya mata, kuma tun yaushe Gwaggo ta yi mini wannan kyakkyawan zato? Matar da ke cewa ban iya alwala ba.

A makaranta abin ya fi haka. Na shiga ofishin hedimasta na ce ya yafe mini lattin da nake yi. Ya miƙe ya rungume ni yana dariya. "Malam, ashe tahiya ta kama! Wallahi na yi maka murna. Allah shi sa da mu a baɗi." Na saki baki. Mutum da 'ya'ya ƙanana, yana roƙon Allah ya bi bayana baɗi? Na ce lallai akwai masu imani a ƙasar nan, ni ne dai ban kai ba.

Kada ku ce ba ni da wayo. Ina da shi daidai gwargwado, amma tsoro idan ya shiga kai ba ya barin wuri. Duk garin ana ta zancen maniyyata, ana jin su a rediyo, maƙwabcinmu ma yana cikinsu, amma ko sau ɗaya ban haɗa wannan da wancan ba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na cikin gida. Kulu, wadda nake ɓoye wa don kada hankalinta ya tashi, sai ga ta tana walwala kamar amarya. Ta yi lalle. Tana daka yaji tana 'yar waƙa, ta soya nama ta yi dambu ta zuba a roba ta rufe, ta hana yara taɓawa. Idan muka haɗa ido sai ta yi murmushi ta kau da kai. Wata rana har ta ce, "Malam, in mutum za shi wuri mai nisa, ai ya kamata a ɗinka mai sabbin kaya." Na tabbata ta gane, kuma murna take yi. Na ji ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na zauna a zaure ina tuna duk shekarun da muka yi tare, ina neman laifin da na yi mata da har take ɗokin takaba.

Ranar Juma'a, ana gobe zan koma Sakkwato, na dawo daga masallaci na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidana har bakin hanya. Ga liman, ga hedimasta da malamai, ga maƙwabta. A tsakiya kuma surukina ne, Baba Sambo, mahaifin Kulu, ya taso tun daga Taloka da jama'arsa. Ƙamshin naman rago ya cika unguwa. Na tsaya riƙe da darduma, na ce a raina, yau na ga ikon Allah, an fara zaman makoki mamacin bai gama shiri ba.

Aka ja ni aka zaunar kusa da Baba Sambo. Ni da ko ido ba na iya haɗawa da shi, in na hango shi a kasuwa canza layi nake yi. Liman ya ɗaga hannu ya fara addu'a, ina amsa amin da iyakar gaskiyata, har ya zo inda ya ce, "Allah shi kai shi lahiya, shi maido shi lahiya, Allah shi sa Hajji karɓaɓɓe."

A nan kaina ya buɗe. Gwaji a Sakkwato, kamar yadda ake yi wa maniyyata. Yawon neman gafara gida-gida, cikin Zulƙida. Farin yadi a akwati. Ashe Kulu ta je neman rigar sanyin yaro ta ci karo da shi, ta ce harami ne, ta ƙulla cewa wani babba ya biya mini kujera ina ɓoyewa don gudun baki. Mahaifiyarta kaɗai ta gaya wa, ta kuma ce kada ta gaya wa kowa.

Kafin in gama haɗiye wannan, saƙonni sun fara sauka. Wannan zamzam, wancan dabino, wani tsoho ya matsa mini hannu ya ce in ambaci sunansa a Arfa. Na yi tunanin in yi shiru in karɓa. To in karɓa in je ina? Ina zan ɓuya har alhazai su dawo?

Baba Sambo ya juyo ya ce, "To, Malam, yaushe na tashin jirginku?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ba Makka za ni ba."

"Mi kac ce? Ɗaga murya, kunnuwan sun tsuhwa."

"Ba Makka za ni ba. Asibiti za ni."

"Asibiti kuma? Mi as same ka?"

Na nemo kalma mafi ladabi da na sani, na ce can ƙasa-ƙasa, "Jini nika gani ga bawali."

Ya kara hannu a kunne. "Ga mi?"

Jama'a, a gaban surukina, a gaban liman, a gaban malaman makarantarmu, ga mata cike da tsakar gida suna saurare ta bayan katanga, na buɗe baki na ce da ƙarfi, "Ga hitsari, Baba! Jini ga hitsari!"

Taɓaryar cikin gida ta tsaya cak. Hedimasta ya shiga gyaran hular da ba abin da ya same ta. Liman ya yi gyaran murya ya ce, "To, haramin da anka ce an gani hwa?"

Na ce, "Likkahwani na, Wurno niy yanko shi."

Aka ɗauki salati. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe. Baba Sambo kuwa ko gezau, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Likita yac ce mutuwa za ka yi?"

"A'a, cewa yay yi in jira sakamako."

"To shi da yak karanta abin ya ce ka jira, kai ka riga ka yanke ma kanka yadi." Ya girgiza kai, ya juya ga jama'a. "Ku matso a ci abinci. Rago dai ba ya komawa."

Aka ci, aka yi mini addu'ar samun lafiya, wasu na danne dariya har suna ƙwarewa. Wannan duk mai sauƙi ne. Da na shiga ciki bayan an watse, na sami Kulu zaune a bakin gado, yadin na kan cinyarta, idanunta sun yi ja.

Ta ce, "Ka tahi Gandi ka nemi gahwara. Ka nemi ta hedimasta. Mai yadi na Wurno ma ya san halin da kaka ciki. Ni da muka kwana ɗaki guda, sai ga bakin taro zan ji? Kana ta hwama kai ɗai, ni ina nan ina lalle kamar mahaukaciya."

Na so in ce tausayinta na ji, amma ni ma na ji rashin daɗin maganar. Duk garin na nemi gafararsa ban da mutum ɗaya da na yi wa laifi. Ranar na nema, ba ta amsa da wuri ba.

Washegari ta saka hijabi ta ce ƙafata ƙafarta. Muka zauna a bencin asibiti muna jiran a kira ni. Da na ce mata tsoro nake ji, ta ce ita ma, sai na ji abin ya ragu da rabi. Aka yi hoto, likita ya duba takardu, ya tambaye ni ko ina shiga ruwa. Kulu ta riga ni amsawa, "Kullum yana ciki kamar kwaɗo." Tsargiya ce. Ciwon yaran da na raina. Ya rubuta mini ƙwayoyi, ya ce in dawo a sake dubawa, in nemi takalmin roba mai tsawo saboda ban ruwa, ya kuma ce na kyauta da na zo da wuri, don jini a fitsari ba abin zama a kai ba ne.

Yadin kuwa, Kulu ta kai wa tela ya ɗinka mini riga da wando, ta ce tunda na saya sai na sa shi da raina. Da shi na je Idin babbar Sallah, ina tafe ana "Alhaji, an dawo lahiya?" ina amsawa, don ba ni da bakin musu.

Abin da na koya bai da yawa. Idan ka ga abin da ya tsorata ka, ka je asibiti, ka bar likita ya gama maganarsa. In kuma dole sai wani ya ji kafin sakamako ya fito, to matarka ta riga mai yadi.